Ranar da Inna Talatu Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Wata uku cur Inna Talatu ta yi a ɗakin bayan gida, jikin rumfar janareta, a gidan ɗan da ta haifa da cikinta. Gidan kuwa ba ƙarami ba ne. Nassarawa GRA ne, bene, falo uku, da ɗakunan baƙi biyu da ba mai kwana a ciki sai gizo-gizo. Ba sata ta yi ba, ba ta zagi surukarta ba. Laifinta ɗaya: ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba.

To wace uwar kirki ce ta zamaninsu take kiran sunan ɗan fari? Kunya ce aka gada. Ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a yabonsa a cikin mutane. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, so ne da ya yi nauyin da baki ba ya iya ɗauka. Shekara arba'in da bakwai Inna Talatu tana cewa "wancan" ko "mai gidan nan". Mahaucin layinsu ma, da yake sunansu ɗaya, "Mai-suna" take ce masa.

Sunan nasa dai Zubairu. Alhaji Zubairu, tsohon darakta a wata ma'aikatar gwamnati. Ya ajiye aiki ya shiga takarar majalisa, aka cika bangon Badawa da Giginyu da hotonsa riƙe da carbi, aka kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani. Mai hankali in ya faɗi sai ya ce Allah bai nufa ba. Shi kuwa cewa ya yi lallai da hannun wani.

Nan Mista Tony ya samu ƙofa. A Johanasbag suka san juna, lokacin da aka tura Zubairu kwas. Tony ɗan Zariya ne, danginsa mutanen kirki masu zuwa coci, sun daɗe da sallama shi. Ya yi shekaru a wani addinin Turawa da ake kira Sayantoloji, ya yi musu aiki, suka ɓata, ya ɓalle ya taho gida ya kafa tasa ƙungiyar. Wai manyan can sun gurɓata hanya, ta asalin tana wurinsa. Kowane mai ɓallewa abin da yake faɗa ke nan, daga mai jam'iyya har mai ƙungiyar 'yan tebur. Mabiyansa a Kano ba su cika goma sha biyu ba, amma har da matakai da muƙamai, kowa yana hura wa na ƙasa da shi hanci.

Jarinsa wani ɗan akwati ne mai allura kamar ta sikelin mai nama, da gwangwani biyu a jikin waya. Mutum ya riƙe gwangwanayen, Tony yana jefo tambaya yana duban allura. In ta motsa, wai akwai abin da ka ɓoye. Duk Asabar da hantsi suke taruwa a falon sama, a ja labule, a kulle ƙofa, don gari na Shari'a ne kuma Hisba tana yawo. Ranar Juma'a kuma ka ga Zubairu a sahun gaba, goshi har da tabo.

A ɗaya daga cikin Asabar ɗin nan Tony ya tambaye shi wanda ya fara sa shi jin shi ba kowa ba ne a duniya. Ƙato da furfura a gemu ya fashe da kuka, wai uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sai aka aika a kira Inna.

Ta hau benen da ƙyar, tana dafa bango. Ta tarar da maza da mata bakwai a kan kujeru, ba wanda ya sauko ƙasa ya gaishe ta. Zubairu na gefe, ta kawar da kai kamar yadda ta saba.

Tony ya miƙo mata gwangwanayen. "Mama, riƙe nan. Kada ki matse."

Ta juya su a hannu. "Na madara ne ko na tumatir?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Mama, wane ne wannan da ke zaune?"

"Mai gidan nan ne."

"Sunansa fa?"

"Ga shi ga ka. Ai yana da baki."

"Ke nake tambaya. Kina son sa?"

Ji ta yi kamar an kwance mata zani a tsakiyar kasuwar Rimi. Gumi ya karyo mata, tafin hannunta ya jiƙe, allura ta yi tsalle ta buga gefe. Wata mata mai gilashi ta ce, "Kai!"

"Ɗan nan," in ji Inna, "a gidanku ba a koya maka magana da manya ba?"

"Kin taɓa fatan kada ya ci gaba?"

"A'uzu billahi!"

Allura ta sake bugawa. Tony ya rubuta wani abu, ya rufe littafi, ya dubi Zubairu da fuskar likitan da ya gano cuta. Ya ce ga ta nan a fili, irin mutanen nan ne da suke kira masu danniya. Suna zaune da kai suna danne maka ci gaba, kai ba ka sani ba. Maganinsu guda ne, a yanke hulɗa da su, har sai sun dawo sun riƙe gwangwani sun amsa abin da suka ɓoye.

Tony a Zariya aka haife shi. Ya san kunyar ɗan fari kamar yunwar cikinsa. Amma mai kanti ba ya cewa kayansa ba su da amfani.

Washegari Raliya, matar Zubairu, ta shigo ɗakin Inna da takarda a hannu. Wasiƙa ce aka buga da na'ura, da Turanci, aka sa hannu a ƙasa. Ɗa ya rubuta wa uwarsa da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, suna gida ɗaya.

"Inna, Alhaji ya ce in karanta miki."

"Bakinsa ciwo yake?"

"An hana shi magana da ke ne. Ya ce yana girmama ki, amma daga yau ba gaisuwa, ba saƙo, ba zama wuri ɗaya. Ya ce ci da sha ba za su yanke ba. Kuma an gyara miki ɗakin baya."

"Yaran fa?"

Raliya ta sunkuyar da kai. "Har da su."

Inna ta naɗe dardumarta, ta ɗauki butarta da rediyonta, ta bi bayan mai gadi da ya ɗauko akwati.

Kwanakin farko ta ɗauka zafin faɗuwa zaɓe ne, zai huce. Abinci yana zuwa sau uku, a ajiye tire a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa sau biyu, a juya. Ba sallama. Mai aiki ta ce an ce duk wanda ya yi wa Inna magana a bakin aikinsa. In an ɗauke wuta janareta ya tashi a kunnenta, hayaƙi ya cika ɗakin, ta fito ta zauna gindin mangwaro tana tari. Ta taga take ganin jikarta Najla, 'yar shekara shida, wadda da ba ta cin tuwo sai a kwanonta. Ran nan yarinyar ta ɓalle a guje ta nufo ta tana "Inna, ƙawata!" Raliya ta cafko ta a tsakar gida, ta zabga mata mari, ta ja ta ciki. Da la'asar sai ga Raliya a jikin taga, tana magana ƙasa-ƙasa tana waige.

"Inna, don Allah ki yafe min. Ni mace ce a ƙarƙashin wani. Ke kika ce min bin miji ibada ne."

"Na ce."

"To kin gani. Kuma wallahi tun da aka fara abin nan ya rage faɗa. Ko ƙwayar barci ya daina sha. In na bijire ni ma za a ce mai danniya ce, ina zan kai yara huɗu?"

"Je ki, kada a gan ki."

Ta tafi da sauri, har da ajiyar zuciya, kamar wadda ta sauke farali.

Ƙwayar hawan jinin Inna ta ƙare a sati na biyar. Da direba ke kai ta asibiti duk wata, yanzu direba in ya hango ta sai ya shige mota ya ɗaga gilashi. Ta faɗa wa tire, tun da shi kaɗai ke zuwa: ta ɗora kwalin da ba komai a kai. Kwalin ya tafi, washegari ya dawo da wasu ƙwayoyin bitamin masu launin rawaya. Wai Mista Tony ya ce ciwon irinsu daga abin da suka ɓoye yake, ba daga jini ba. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. In ta sunkuya ruku'u sai ɗakin ya juya.

Ƙanwarta Larai ta zo daga Giginyu sau biyu. Sau biyun mai gadi ya ce Hajiya ta yi tafiya. Inna tana jin muryarta a bakin get tana cewa, "Tafiya ina? Yayata da ko Wudil ba ta zuwa ba ta faɗa min ba?" Ta buɗe baki za ta ƙwala kira, sai ta tuna in Larai ta shigo, gobe duk dangi sun ji, jibi duk gari. Ta mayar da bakinta ta rufe. Wanda ake zalunta shi ke gadin asirin azzalumi, haka gidajen manya suke tsayuwa.

Babbar Salla ta zo. Aka kayar da raguna uku da sa, aka yi ta rabon nama gida-gida har da 'yan jam'iyya. Nata ya zo a tire, soyayye, da ƙwanƙwasa biyu.

Bayan salla da kwana huɗu aka bar mutum ɗaya ya shiga wurinta, Bappa, ƙanin marigayi mijinta. Ya zauna a kan kujerar roba yana toshe hanci saboda warin dizal. Sabon haƙorin Makka yana walƙiya a bakinsa, kujerar Hajjin bara Zubairu ne ya ba shi.

"Yaya Talatu, ke ma da taurin kai. Suna ne fa kawai."

"Kai taka uwar ta taɓa kiran sunan yayanka?"

"Wancan zamani daban. Yanzu ilimi ya zo. Na tambaye shi, ya rantse min ba addini ba ne, kimiyya ce, kamar awon jini. Yana sallarsa."

"Kimiyyar ce ta ce a kai uwa bayan gida?"

"To ai bai kore ki ba. Ci fa? Sha fa? Wasu iyayen suna can suna bara." Ya matso da kujera. "Ki saurare ni. In maganar nan ta fita, cewa za a yi ya yi ridda. Kin san garin nan yanzu. Abokan hamayyarsa jira suke. Ana maganar za a ba shi kwamishina in an kafa gwamnati. Ki rufa mana asiri, mu duka a inuwarsa muke."

"Ni dai a inuwar janareta nake."

Bappa ya yi kamar bai ji ba. Ya tashi yana kaɗe babbar riga, sai ya jefo wadda ya san za ta kama. "Kin dai gan shi kwanan nan? Gyambon ciki ya tasar masa. Mutumin nan ya ce muddin ba ki amsa ba, ba zai warke ba. Shi kuma ya yarda, ko asibiti ya ƙi zuwa."

Da safe ta laɓe a jikin taga har mai gidan ya fito zai shiga mota. Ta dube shi ta gefen ido, yadda ta saba satar kallonsa tun yana rarrafe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana tafe yana dafe da ciki.

Ranar ta karya doka, ta yi wa mai kawo tire magana. "Ki ce musu ranar Asabar zan hau."

Kwana uku tana gwada sunan a ɗaki ita kaɗai. Sai ya zo maƙogwaro ya tsaya kamar ƙayar kifi. Ta ce a ranta, in sunan ne maganinsa, a ba shi. Ta ba shi abin da ya fi wannan ba wanda ya sani.

Ranar Asabar sai da ta huta sau uku a kan bene. Mutanen sun ƙaru, sun kai goma, an zo kallon tsohuwa. Ta zauna, ta karɓi gwangwanayen da kanta.

"Mama, wane ne wannan?" in ji Tony.

Ta juya, ta ɗaga kai, ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar da ungozoma ta miƙo mata shi.

"Zubairu," ta ce. "Zubairu ne. Ɗana ne na fari."

Shi kuwa bai gani ba. Wuyansa a miƙe yake ta kan kafaɗar Tony, idonsa a kan allura.

"Ta motsa?" ya ce. "Tony, me ta nuna?"

Tony ya tsuke baki yana girgiza kai. "Ta buga sosai. Akwai sauran abu a ƙasa. An dai fara. Sai ta yi zama kamar goma sha biyu tukuna mu ga inda aka kwana."

Inna ta ci gaba da kallon ƙeyar ɗanta. Ta jira ya juyo. Ta ba shi lokacin da za a karanta Fatiha a shafa. Bai juyo ba, tambaya yake ko za a iya yin zama biyu a sati.

Ta ajiye gwangwanayen a kan tebur a hankali, ta miƙe. Raliya da ke bakin ƙofa ta ga fuskarta, ta dafe ƙirji. "Inna, don girman Allah kada ki yi masa baki!"

Sai a sannan ya waigo. Duk iliminsa na Johanasbag, jin an ambaci bakin uwa sai da ya ja da baya.

"Ba zan yi masa baki ba," in ji Inna. "Abu ɗaya nasa ya rage a hannuna, shekara arba'in da bakwai ina riƙonsa. Ya ce a ba shi, na ba shi a gaban shaidu. Zubairu, ka karɓi kayanka. Ka je asibiti a duba cikin nan."

Tony ya ce, "Alhaji, kada ka amsa mata, ba a ɗage dokar ba."

Bai amsa ba kuwa.

Ta sauko, ta ɗauki darduma da buta da rediyo, ta bar musu akwatin. Mai gadi ya buɗe get. Ta taka da kumburarrun ƙafafu ba takalmi har bakin titi, ta tsayar da A Daidaita Sahu, ta ce Giginyu.

Larai ta kai ta asibiti a ranar. Likita ya auna ta, ya ce wa ya bar tsohuwar nan haka, Larai ta ce a bar maganar. Gidan Larai ɗaki biyu ne da rijiya, kaji suna shiga har kan gado. A nan kumburin ya saɓe.

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati, sunayen kwamishinoni suna yawo, sai uwargidan wani babba a jam'iyya ta ce za ta zo gaida mahaifiyar Alhaji Zubairu. Nan da nan Mista Tony ya gano cewa doka ta halatta ziyarar gwaji. Ran Lahadi da hantsi jif ta tsaya a ƙofar gidan Larai. Matan layin, tsofaffi uku, suna tsakar gida ana tsinkar zogale.

Zubairu ya yi sallama ya shigo, zai durƙusa daga nesa kamar da. Inna ta ɗago kai ta dube shi tar, fuska a sake.

"A'a, Zubairu ne? Sannu da zuwa, Zubairu. Larai, kawo wa baƙo tabarma da ruwa."

Hannun tsofaffin nan ya tsaya a cikin zogale. Ɗaya ta ce, "Inna lillahi," a hankali.

Inna ta jawo kwanon ɗumamenta ta ci gaba da ci a gabansa, tana tambayarsa hanya, da mutanen gida, da yadda siyasa take. Ta ce ya yi ƙiba. Har tsokanarsa ta yi, wai hularsa ta fi ƙarfin kansa. Duk inda magana ta juya sai ta ce Zubairu, sunan yana fita a bakinta sumul, yadda take kiran mai kayan miya da ɗan maƙwabta. Da ya kawo maganar komawa, an gyara mata ɗakin ƙasa har da na'urar sanyi, ta ce, "Allah ya yi albarka, na gode. Ai ba a tare wa mutane gida. Ka gaida iyalinka."

Larai ta shige ɗaki ta toshe baki da mayafi. Tsofaffin suka tattara zogalensu suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta iya kallonsa. Kowaccensu ta san abin da ta gani: uwa ba ta jin kunyar ɗan wani.

Shi ko ya fito yana washe baki. Tun bai rufe ƙofar mota ba ya ciro waya.

"Tony! Wallahi aikinka ya ci. Sau tara ta kira sunana, ina ƙirgawa. Har ido ta haɗa da ni, har abinci ta ci a gabana. Ta warke sarai!"

Direban, wanda tasa uwar take can Gezawa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya dube shi ta madubi sau ɗaya, ya tayar da mota.

An ba shi muƙamin ko ba a ba shi ba, wannan ba ya cikin lissafi. Gidan yana nan a GRA, an sake masa fenti, ana ta taruwa ran Asabar. Raliya ta ce ita umarni ta bi. Bappa ya ce shi sulhu ya je yi. Tony ya ce allura ba ta ƙarya. Kowa ya wanke hannunsa tas, kamar ba a taɓa ajiye wa wata tsohuwa abinci a ƙasa ba. Mutum ya yi digiri biyu, ya ƙetare teku ya sayo akwatin da zai gaya masa ko uwarsa tana son sa. Ranar da ya zama maraya uwarsa tana zaune a gabansa tana cin ɗumame, shi kuma ya koma gida ya sa aka yanka kaji.